Kar Kwalli Ya Fita

"Rufe ƙofar! Ke, rufe min ƙofa na ce!"

Matar da ta kawo ɗinki ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, Mama Tela ta ture keken ɗinki, ta yi wuf ta danne ƙofar da kafaɗa. Karen ya riga ya cusa hanci a 'yar kafar da ta rage. Ta cafko shi ta wuya ta wurga shi bayan kujera, tana haki tana zagi. Baƙuwar ta naɗe yadinta ta juya, ba ta ƙara tako gidan ba.

Haka masu kawo ɗinki suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ko a jikinta. Dama can mace ce mai zafin rai, amma a kan karen nan abin ya wuce misali.

Kwalli ne sunansa, saboda baƙin da ya zagaye masa idanu. Kuma ba nata ba ne, ita da ko kyanwa ba ta iya haɗa ɗaki da ita. Na matar Auta ne, ɗanta na ƙarshe da suke zaune gida ɗaya. Yarinyar ce ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo, ta raine shi da madara a cokali. Wata safiya aka wayi gari ba ta gidan, 'yan unguwa suka yi tambayarsu har suka gaji, ba wanda ya ce ya san inda ta nufa. Karen kaɗai ta bari, Mama kuwa ta rantse ko za ta rasa sana'arta, ba zai taka titi ba.

Da farko ma ba ya ba ta wahala. Kwanciya yake ƙarƙashin keke, ba ci ba sha, sai kuka ƙasa-ƙasa. Tausayi ya kwashe ta, wata rana Auta yana wurin aiki ta ɗaura masa igiya ta fita da shi. Fitar nan ce ta jawo mata bala'i. Tun daga ranar, ko maƙulli ya ji ya yi ƙara, yana bakin ƙofa yana rawar jiki.

Me ba ta yi ba? Ta ɗaure shi a ƙafar keke, ya tauna igiyar. Ta kulle shi a banɗaki, ya yi ta haushi har maƙwabta suka zo da ƙorafi. Ta kira kafinta ya kafa sakata sama da ƙasa, ya gitta shingen katako a bakin falo, ɗan banzan karen ya tsallake shi kafin mutumin ya gama tattara kusoshinsa. Kafintan ya nuna ƙofar kicin da ta fashe a tsakiya, ya ce ko a haɗa da ita a gyara. Ta ce ya yi abin da ya kawo shi, ya kama gabansa.

Duk wannan da sauƙi, da a ce Auta yana taya ta. Ina! Tun tafiyar matarsa ya rame, daga baya ma ya daina zuwa aiki. Wuni yake a falo da takalmi a ƙafa, babur ɗinsa a ƙofar gida yana fuskantar titi. Ko shara zai zubar sai ya bar ƙofa a wangale.

"Mantuwa ce, Mama."

"Mantuwar ubanka! Ka sake bar min ƙofa a buɗe, sai na ci mutuncinka a gaban jama'a."

Maƙwabta shi suke tausaya wa. Yaro yana cikin halin rashin mata, uwarsa ta fifita kare a kansa, wannan wace irin tsohuwa ce? Tana jin su sarai, sai dai ta ja tsaki ta ƙara wa keke gudu.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Tana kicin tana cika kwanon abinci, irin wanda take sakawa a ƙasan jakar ɗinki idan za ta fita kai kaya. Sai ta ji sakatar sama ta zame a hankali. Ta tsaya cak da ludayi a hannu. Ta ƙasa ma ta bi, a hankali, yadda mai mantuwa ba ya yi.

Ta fito da gudu, zani yana harɗe mata ƙafa. Wutsiyar Kwalli kawai ta gani tana shan kwana. Auta yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, maƙullin babur a hannu.

"Kar ki damu, Mama, yanzu zan kamo shi."

Ko kallon titin ba ta yi ba. Ta damƙi wuyan rigarsa ta baya, ta fizgo shi da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, ya tafi taga-taga ya faɗa kan keke. Ta buga ƙofar, ta murza maƙulli, ta jefa shi cikin rigarta, ta jingina baya da ƙyauren. Tagogin gidan duk da ƙarfe suke, wata ƙofar kuma babu.

Ya tashi ido jawur, ya ɗaga hannu.

"Sauke shi a kaina," in ji ta. "Sauke mana, ai ka saba."

A can waje Kwalli yana keta motoci, ya miƙe sak kan hanyar da ta yi kuskuren nuna masa, zuwa gidan ƙawarta na bayan kasuwa inda ita da kanta ta ɓoye yarinyar da karyayyen hannu, kuma muddin tana numfashi, wanda ya karya hannun ba zai bi sawun karen ba.