Karen da Aka Ɗaure Lokacin Takaba

Kwana tara ke nan wata mata tana juya magana ɗaya a ranta, har tuwo ya daina wuce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun watse birni, mai numfashi a gidan daga ita sai wani jan kare da marigayin ya ajiye don gadi tun suna da awaki. Da ta shiga takaba, sai ta ɗaure shi dare da rana a ɗan ɗakinsa na langa-langa a bayan gida, don kada ya riƙa ratsa mata wurin salla. To, karen da a da ba a taɓa ganin kashinsa ba, sai ga shi kullum ya ɓata makwancinsa. Ta kwashe, ta zuba toka, ta zabga masa tsintsiya, gobe a maimaita. Ƙudaje suka tare, maƙwabta suka fara tsaki ta bayan danga. Babban ɗanta ya bugo waya ya ce, "Inna, ki rabu da ƙazamin nan." Ta ce to. Amma fa in ya tafi, wa zai kaɗa mata wutsiya in ta fito da safe?

Rana ta goma wani tsohon maharbi, aminin mijin, ya zo tafiya da shi. Yana kwance igiyar, sai karen ya fizge, ya bi ta kafar danga a guje, sai gindin wata tsamiya. Can ya yi abin da zai yi a kan tarin yashi, ya dawo ya kwanta a gabanta. Tsohon ya ce, "Baiwar Allah, yashin can ni na taya mai gidanki zubawa. Kullum in zai tafi masallaci da asuba sai ya sake shi, haka da magariba. Kare ba ya ɓata inda yake kwana sai an tare masa hanya."

Shekara bakwai ana haka a gidanta, ba ta taɓa lura ba. Ta dubi tsintsiyar, ta dubi sawun igiya a wuyansa, ta ce a bar mata shi. Da magariba da kanta ta sake shi, ta tsaya bakin danga tana jiran dawowarsa, yadda ta saba jiran mai gidan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.