Kwat Ɗin Manaja

Maigadin bankin ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, ya nesanta, sannan ya girgiza kai.

"Ba a nan yake ba, Inna. Amma mai irin wannan kwat ba ƙaramin mutum ba ne. Ki gwada wajen lauyoyi."

Inna ta mayar da hoton cikin ledarsa, ta cusa a jaka. Ɗanta take nema, ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta iya kamawa sai dai ta ce yaron nan. Ya zo birni neman aiki, bayan wani lokaci ya aiko da hoto: baƙar kwat, farar riga, jan laktaye, ya dafa tebur kamar mai shirin sa hannu a takarda. Tun daga ranar 'yan unguwa suka raɗa masa Manaja. Duk ƙarshen mako yakan kira ta, muryarsa a gajiye, ya ce aiki ne ya yi yawa. In ta tambayi sunan ofishin sai ya yi dariya ya ce da Turanci ne, ba za ta riƙe ba. Da daminar bara wayarsa ta mutu, har yau ba ta sake shiga ba.

Shi ya sa ta baro gida, tsofai-tsofai da ita, ba adireshi, ba ɗan rakiya, sai hoto.

Zaman birni ya mayar da ita gwanar kwat. Ta gane ma'aikatan banki da shuɗiya mai duhu, lauyoyi da baƙa wuluk, 'yan inshora da wadda guga ya sa ta ƙyalli. Ta lura ran Litinin kowa a shaƙe yake har wuya, ran Juma'a kuwa sai a saki jiki. Har ta gane cewa waɗanda suka saba ba sa ɓalla maɓallin ƙasa. Na ɗanta kuwa duka ya ɓalla su, kafaɗar ma ta yi masa yawa, amma ita a ganinta natsuwa ce, ramar kuma ta aiki ce.

Da sassafe take tsayawa a bakin manyan gine-gine tana duba fuskoki. Masu kwat kuwa, Allah ya shirye su, sauri suke kamar an biyo su. Wasu su kauce mata, wasu su miƙo sadaka ba tare da sun dube ta ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ita da ta haifi Manaja!

Wata mai share ofis ta tausaya mata, ta ja ta gefe ta ce akwai wani bene da ake ginawa da ya rufta da daminar bara, ya danne masu aikinsa, da yawa an binne su ba a san danginsu ba, amma asibiti ta ajiye hotunansu. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Allah ya jiƙansu. Amma me ya haɗa kifi da kaska? Dubi hoton da kyau, 'yar nan."

Ta wuce abinta, ba ta je ba.

Aka yi ta tafiya a haka. Lauyoyi suka tura ta ma'aikatar gwamnati, can suka tura ta kamfanin waya, kamfanin waya ya ce ta dawo in shugaba ya dawo. Takalminta ya tsinke, ƙafa ta kumbura, guzuri ya ƙare. Tsoro ya fara cin ta a ciki, domin ta san yaron nan ko a kan gadon asibiti yake zai aro waya ya ji muryarta. Hoton ma ya gaji: hannuwan mutane sun cinye gefensa, gumi ya fara cin fuskar.

Wani direba ya ba ta shawara ta sa a wanke mata shi da yawa, ta liƙa a bango-bango. Ya juya bayan hoton, ya nuna mata hatimin shagon da aka ɗauka, ya kwatanta mata hanya. Abin mamaki, ba cikin unguwar ofisoshi ba ne. Can bayan gari ne, inda ake yanka filaye, tsakanin mai sayar da siminti da mai walda.

Shagon ɗan ƙarami ne, labule shuɗi, fitila a kan sanda. Tana shiga ta ga teburin, shi ɗin dai, da ɓallin fenti a kusurwa. Ta ɗaga kai, sai ga kwat a rataye jikin ƙusa, da jan laktaye a wuyanta. Maɓallin tsakiya ruwan ƙasa ne, sauran baƙaƙe. Ta kwana ta tashi tana kallon wannan maɓalli a hoto, ko a mafarki ba za ta ɓata shi ba.

Ta miƙa hannu wajen ƙusar. Ta rungume kwat ɗin, ta tusa fuska a ciki tana neman ƙamshinsa, hawaye na zuba, rabon da ta ji sanyi a ranta irin wannan har ta manta.

"Ta ɗana ce," ta ce wa mai hoto. "Yaushe ya bar ta a nan? Yaushe zai dawo ɗauka? Don Allah, ɗan nan, a wane ofishi yake?"

Mai hoto ya dubi hoton da ke hannunta, ya dube ta. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ta shago ce, Inna. Leburorin gini nake ara wa in za su aika hoto gida."