Ɗigon Imala a Ƙarƙashin Ba

Kai da kullum maganarka ita ce a fara tukuna a gyara daga baya, zauna in ba ka labarin wata mata da ta faɗi haka, ko na huta da yi maka magana ɗaya kullum.

Sana'arta zana haruffan da kwamfuta ke bugawa. Mahaifinta kuwa tsohon marubucin ajami ne, ya shekara arba'in yana rubuta waƙoƙin begen Annabi da alƙalamin kara, haruffa da baƙar tawada, wasali da ja. Da tsufa ya zo, hannu ya soma rawa, yanar ido kuma ta soma rufe masa gani. Abu ɗaya ya roƙe ta: ta koya wa na'urar nan hannunsa, a buga waƙoƙin su zama littafi, ya karanta da idonsa kafin hasken ya ƙare. Ita kuwa, don sauri, ta kwashi takardunsa ta kwafe babbaƙu kaɗai. Duk inda ta ga ya ja harafi ya yi tsawo fiye da 'yan'uwansa, sai ta ce rawar hannu ce, ta rage, ta matse su tsaf. Wasali ai ƙaramin abu ne, in ji ta, yini guda ya isa a ɗora shi. Cikin wata biyu ta gama, duk wanda ya gani sai ya ce tubarkalla.

Ranar da ta ɗora wasali, ranar murna ta koma ciki. Fataha ta hau kan shadda, rufu'a ta manne da lam. Mafi muni ita ce imala, ɗigon nan da ake sawa ƙarƙashin harafi ya ba da sautin "e". Harafin ba dama ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa. Imala ta zo ta zauna gefensa, ga shi na'ura ba ta da jar tawada da za ta raba su, ɗigo biyu baƙaƙe suka jeru, harafin ba ya koma harafin ya. Ta kai wa tsohon shafin farko. Ya kai shi har bakin hancinsa, inda ya rubuta "bege" sai ya karanta "yage". Ya miƙa mata takardarta kawai. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta koma ta sauke imala ƙasa, sai ta faɗa kan wasalin layin da ke biye. Ta buɗa layuka, sai ɗigon ya yi nesa da harafinsa kamar akuyar da ba a san mai ita ba. Ta tura shi hagu, ya shige ƙarƙashin maƙwabci. In ta sasanta harafin ba da imala, sai nun da shadda su kaure. A toshe nan, can ya ɓalle. Damina ta wuce tana bin haruffa bibbiyu tana raba faɗa, kaka ma ta wuce. Ta gaji irin gajiyar da barci ba ya magani, har ta tsani ganin aikin da a da take alfahari da shi. Kullum kuma ta je gaida tsohon, sai ta ga takarda ta ƙara matsowa kusa da fuskarsa.

Da ta rasa yadda za ta yi, ta ɗauko tsohuwar takardarsa, ta tambaye shi me ya sa a hannunsa ɗigo ba ya taka ɗigo. Ya lalubo wani harafin ba mai imala, irin waɗanda ta rage wa tsawo, ya ɗora yatsa a kai.

"Uwata, wannan ba rawar hannu ba ce," in ji shi. "Tun ina jan baƙi na san inda ja zai zauna. Wurinsa ne na bar masa."

Nan ta gane ba wasali ke da laifi ba, ita ce ta gina gida ba ta bar masa ɗaki ba. Ta share aikin kaf, ta sake zana kowane harafi da mazaunin wasalinsa, sama da ƙasa. Wata takwas ya ci. Littafi ya fito tas, kowane ɗigo a gurbinsa, ta rungumo shi ta kai masa. Ya buɗe, ya juya shi wajen ƙofa inda ya san haske yake, ya daɗe a haka. Sannan ya shafa shafin da tafin hannunsa, ya ce ta karanta masa. Ta karanta, "bege" ya fito bege, amma hawaye bai bar ta ta kai ƙarshen baitin ba.

To ka ji. In za ka fara, ka fara da wurin abin da zai zo daga baya. Ba a banza Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane ba.