Giɓin Gaisuwa

Tun da aka sa katangun gonaki cikin kayan tarihi, waɗanda kakanni suka jera da dutse zalla, na'ura ce ke gyaransu. Dutsen da ya faɗi duk sai ta mayar. Har giɓin da kakan Tabawa ya bari don gaisawa da maƙwabta ta toshe.

Kullum da safe Tabawa takan sauke duwatsun, ta leƙa gonar maƙwabcinta.

"Malam Ɗanjuma, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Tabawa. Ga mutuniyar taki can, yau tun asuba take tsaye tana kallonki."

Tabawa ta ciccibi wani dutsen, ta dire shi ƙasa.

"To, ta kalla da kyau. Haka ake gyaran katangar nan."