Tarwaɗar Mai Jego

Kai da kake cewa ruwa na wanke komai, gyara zama ka ji. Wani masunci ne ke da tafkin da ya gada gun ubansa. Wata shekara kifi ya yi masa gardama, sai wani manomin auduga ya ba shi ragowar maganin feshi, irin na da ɗin nan da aka hana, ya ce ya gwada. Gogan naka ya tuttule galan guda a ruwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi tafki ya yi fari fat da cikin kifi! Karfasa ne, ragon ruwa ne, kwasa kawai yake da ƙwarya, har da 'yar rawarsa a cikin kwalekwale, yana cewa ashe wahalar banza tsoho ya sha da koma da ƙugiya. Dattawan masunta suka yi masa tatas, ya rantse ba zai ƙara ba, kuma bai ƙara ɗin ba. Damina uku tafki na cika yana tumbatsa, wari ya tafi, kifi ya dawo, ya ce ai magana ta wuce.

Ana nan matarsa ta haihu, bayan shekara tara suna nema. Zo ka ga murna, baki har kunne! Kullum sai ya zaɓo tarwaɗar da ta fi kitse, irin mai kwana a laka, a yi wa mai jego farfesu don nono ya kawo, yaro ya yi ɓulɓul. Ko ɗanɗanawa ba ya yi, ita kaɗai. Amma ina! Yaro sai ƙuraje, yau ciwo gobe lafiya, ya shekara ko zama bai iya ba. A asibiti likita ta bi diddigin abin da uwar ke ci da inda ake kamo shi, masunci ya faɗi gaskiya. Ta ce, "Malam, wannan gubar ba ta ruɓewa. Tana nan kwance a laka, tsutsa ta ci, kifi ya ci tsutsa, ta taru a kitse, ta biyo nono." Wallahi abin tausayi, bawan Allah da hannunsa yake zaɓo masu kitsen.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.