Ƙudaje Ɗari Huɗu

Wani ƙuda ya sauka kan ledar daddawar da wata tsohuwa ta rungume, Adnan kuwa ya samu abin da yake nema tun safe: mai saurare.

A Tudun Wada ta shigo Keke Napep ɗin da yake ciki, daidai inda wata mota ta mace a gefen titi. Mayafinta ya koɗe, silifas ne a ƙafarta. Shi kuma ya sha kwat, domin yau zai kare kundin digirinsa na uku, kan yadda ƙwaƙwalwar ƙwaro ke juya wari ya zama motsi.

"Inna, kin san yadda aka yi ƙudan nan ya gano daddawarki?"

"Ina fa, ɗana."

Sai ya buɗe mata aji kyauta. Ƙuda na shaƙar wari da 'yan ƙahonni biyu. Ƙwaƙwalwarsa, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, sai ta auna dama da hagu, ta karkata fukafukai zuwa inda warin ya fi ƙarfi. A hankali ya riƙa bayani, yadda ake yi wa wanda bai taɓa zama a aji ba.

"To in aka rufe masa ƙaho ɗaya fa?" in ji ta.

Adnan ya ɗan yi tari. Ya ce wannan ya yi mata zurfi.

Kafin su kai Kwangila daɗin baki ya kwashe shi. Ya gaya mata ƙudaje ɗari huɗu ya rubuta a kundin, alhali ɗari uku sun mutu makon da aka ɗauke wuta. Sauran lissafin da biro ya cike shi. Wa zai ƙirga gawar ƙuda? Mai jarrabawar da aka gayyato, wani Farfesa H. Nagoda, tabbas tsoho ne mai gyangyaɗi, shafin farko ma ba zai wuce ba.

"Allah ya ba da sa'a," ta ce da za su rabu.

Ƙarfe goma zauren jarrabawar ya cika, mahaifinsa na sahun gaba da babbar riga. Adnan ya gyara abin wuya, yana murmushin wanda ya riga ya ci.

Shugaban sashe ya miƙe ya ce a yi haƙuri da jinkiri, motar baƙuwa ce ta lalace a Tudun Wada, sannan ya ja wa Farfesa Hajo Nagoda kujera, ita kuma ta ajiye ledar daddawa kusa da kundin.