Mai Gyaran Amare da Tukunyar Sirace

Ka taɓa tsayawa kan majinyaci kana ƙirga numfashinsa, kana ganin kamar maganin asibiti wasa yake yi da kai? To, saurari abin da ya faru da wata mai gyaran jikin amare.

Mijinta mai injin niƙa ne. Tari ya kama shi, zazzaɓi ya biyo baya, likita ya duba ya ce ƙwayoyin cuta ne suka sauka a huhu, ya rubuta kafso na kwana bakwai, ya ja kunne kada a tsallake ko ɗaya. Kwana uku ana sha, tarin nan ko gezau. Hankalin matar ya tashi, don ta sha jin ana cewa ƙwayoyin cutar yanzu sun yi taurin kai, sun daina jin magani. Tana cikin wannan zulumi sai ta ci karo da wani bidiyo a waya, ana bayanin cewa masana suna gwada wani sinadari, hayaluronik, ko zai iya hana ƙwayoyin cuta maƙalewa a hanyar numfashi. Ai sunan nan ta san shi! Shi ne a jikin 'yar kwalbar da take shafa wa amare a fuska bayan dilka, fata ta yi laushi kamar ta jariri. Ta ce a ranta, ashe magani yana ɗakina nake ta wahala. Ko ƙarshen bidiyon ba ta tsaya gani ba. Ta tura kafson ƙarƙashin katifa don kada magani biyu su yi faɗa a ciki, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya kamar yadda ta ga kakarta tana yi, ta tsiyaye rabin kwalbar a tukunya, ta lulluɓe maigidan da bargo. "Shaƙa, Malam, shaƙa sosai. Wannan na masana ne." Ya fito sharkaf da gumi, hanci ya buɗe, har ya yi mata murmushi. Ita kuwa ta ɗauka an gama.

Kwana biyu ana sirace safe da yamma. A rana ta uku, da azahar, ta ga maigidan ya ta da sallah a zaune, Fatiha ta gagare shi, kowace aya sai ya tsaya ya nemi iska. Ta duba leɓensa, ya yi duhu. Haƙarƙarinsa na shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba, ta tare a-daidaita-sahu, ta sa shi ciki, sai asibiti. Aka sa masa abin shaƙar iska a hanci, aka ɗaura ruwa. Da likita ya tambaye ta kafso nawa suka rage, sai ta miƙa masa kwalbar amaren da ta taho da ita, ta faɗa masa abin da ta gani a waya da abin da ta yi. Ya juya ta ya karanta, ya ce, "Hajiya, binciken gaskiya ne, amma bai kai ga maye gurbin magani ba. Kuma wannan ta fuska ce, da turare a ciki. Kwana ukun nan da kika ba cutar, su za mu yi ta kora yanzu." Ta zauna a bencin bakin ƙofa, tana leƙen ƙirjin mijinta ta taga, duk tashi ɗaya sai ta ce Allah ya sa ba shi ne na ƙarshe ba.

Bincike abu ne mai kyau, wallahi wata rana zai iya kawo mana mafita. Amma Hausawa sun riga sun gargaɗe mu: kada a saki reshe a kama ganye. Don Allah, in kana da majinyaci a gida, ka tabbata ya shanye maganinsa har ƙwayar ƙarshe, sabon abin da ka gani a waya kuwa ka kai wa likita ya duba tukuna.